Yadda Ake Raba Ɗan Kuɗin Hannu Tsakanin Inshorar Lafiya da Kula da Jiki Idan Shekaru Sun Ja

Wannan bayani na wanda ya haura hamsin ne, ko yake dab da ritaya, ko kuma ɗa ko 'yar da nauyin iyaye ya dawo wuyansu. Abin da ke shigowa a wata bai taka kara ya karya ba, ga cefane, ga magani, ga kuma masu cewa a je a yi rajistar inshora. Na sha zama da dattawa muna wannan lissafi, kuma abin da nake fara faɗa wa kowa shi ne, katin inshora ba ya sauke hawan jini, ƙwayar da ake sha kullum ce ke saukewa. Akwai abin da ake fara biya, akwai na biyu, akwai wanda zai iya jira. Jerin shi ne dukan aikin.

Kayan da za ka tanada

Littafi mai ƙwarin bango da biro. Kada ka dogara da waya kawai, domin ranar da ka kwanta, wanda zai kai ka asibiti ba lalle ya iya buɗe ta ba.

Lambar NIN da hotunan fasfo, saboda rajista.

Duk katunan asibiti, takardun gwaji na baya, da kwalayen magungunan da kake sha, har na gargajiya da na masu talla. A zuba su a leda ɗaya.

Na'urar awon jini, irin wadda ake ɗaurawa a dantse. Ta wuyan hannu ta fi araha amma ta fi yin kuskure. In babu halin saye, gida uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, ko a riƙa zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwa.

Igiya ko zare mai tsawo, da ƙaramin cokalin shayi. Za ka ga amfaninsu a gaba.

Wurin ajiya na daban: asusun banki wanda ba shi ne na fansho ba, ko asusun ƙarfe mai kwaɗo.

Sai mutum ɗaya amintacce, mata ko ɗa ko ƙane, wanda zai san duk abin da ke cikin littafin.

Mataki na 1: Auna jiki kafin ka auna aljihu

Ba za ka san yadda za ka raba kuɗi ba sai ka san abin da jikin ke ɗauke da shi. Hawan jini da ciwon suga su ne ke cinye dukiyar tsufa, kuma dukansu suna iya shekaru ba su nuna alama ba.

Awon jini: ka zauna minti biyar ka huta, bayanka a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada ka ci goro ko ka sha shayi ko taba rabin awa kafin awon. Ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, har kwana bakwai, kana rubutawa. Idan yana yawan kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ka kai wa likita littafin. Idan ya kai 180 bisa 120 kuma ga ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, wannan ba na jiran gobe ba ne.

Awon suga: a yi shi da safe kafin a karya kumallo. Idan ya kai 7.0, ko 126 a wata na'urar, a maimaita a asibiti kafin a yanke hukunci.

Ɗauko igiyar nan, ka yanke ta daidai tsayinka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita a ɗan sama da cibiya. Idan bakin bai haɗu ba, tumbin ya yi yawa, kuma yana cikin abubuwan da ke jawo suga da hawan jini.

Sai gwajin fitsari da na ƙoda, da duba ido. Hawan jinin ido yana cin gani a hankali ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Yanar ido kuwa ana cire ta da aiki a ga gari sarai. Maza su faɗa wa likita idan fitsari yana wahalar fita ko ana tashi da dare sau da yawa. Iyaye mata kuma, ƙullutu a mama ko jini bayan al'ada ta ɗauke ba abin kunya ba ne, abin gaggawa ne.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cewa "ni lafiyata ƙalau, ban jin komai." Ji ba awo ba ne.

Mataki na 2: Rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita

Shafi ɗaya na shiga: fansho, haya, ciniki, abin da yara ke turowa. Ka rubuta abin da ka tabbata yana zuwa, ban da wanda ake alkawari. Shafi ɗaya na fita, wata guda cur, har goro da katin waya da gudummawar biki. Daga nan ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya shafi lafiya, ka haɗa da kuɗin mota zuwa asibiti. Mutane da yawa a nan suke gane cewa tuni suna kashe kuɗin da ya isa inshora, a kan ƙarin ruwa a kemis, da maganin ƙara jini, da jarkokin masu lasifika.

Mataki na 3: Ware kuɗin maganin kullum kafin komai

Idan likita ya ɗora ka a kan maganin hawan jini ko na suga, kuɗinsa ne farkon abin da zai fita ranar da fansho ya shigo, kafin bashi, kafin anko. Dalili a fili yake. Wanda ya bar ƙwayar da bai fi kuɗin cefanen kwana biyu ba, yana iya ƙarewa da shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda, kuma wankin ƙoda ana yinsa sau biyu zuwa uku a kowane mako, ba ya ƙarewa. Babu inshorar talaka da ke ɗaukar wannan har abada.

Ana iya rage tsadar maganin ba tare da an rage maganin ba. Ka tambayi likita ko mai famasi sunan sinadarin, ba sunan kamfani ba. Amlodipine sunansa amlodipine ko wane kamfani ya yi shi, haka metformin, haka lisinopril, kuma bambancin farashi tsakanin kwali da kwali yana da yawa. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka saya a famasi mai rajista. Idan da hali ka sayi na wata biyu ko uku a haɗe, ya fi sauƙi, kuma ya rage kuɗin mota. Ka faɗa wa likita gaskiya cewa abin da ya rubuta ya fi ƙarfinka. Sau da yawa akwai madadinsa mai araha, amma ba zai sani ba in ka yi shiru ka fita.

Abubuwa uku da nake roƙon kowa ya guje musu. Na farko, raba ƙwaya biyu ko tsallake kwana don ta daɗe. Na biyu, daina sha don awo ya sauka, alhali maganin ne ya saukar da shi. Na uku, kuma shi ya fi damuna, shan maganin ciwon jiki kullum. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam suna kwantar da ciwon gwiwa, amma a jikin dattijo suna cin ciki, suna tayar da jini, suna lalata ƙoda. Haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis sau da yawa har da dexamethasone ko prednisolone a ciki, masu tayar da suga. Mutum ya ji garau yau, ya biya da ƙodarsa bayan shekaru.

Idan amlodipine ya kumbura maka ƙafa, ko lisinopril ya sa ka busasshen tari, ka koma a canja maka, kada ka ajiye da kanka. Magani kuma ba ya son zafi, kada a bar shi a mota ko a bakin taga. Mai allurar insulin da ba shi da firji zai iya sa ta a kwalba mai murfi ya ajiye a cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

Mataki na 4: San irin inshorar da ke gabanka

A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, shi ya sa kwanciya ɗaya ke sa a sayar da gona. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin NHIS, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Ƙofofin da dattijo zai ƙwanƙwasa huɗu ne, kuma ga jerin da nake ba da shawara a bi.

Ta farko, ta kyauta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware asusun BHCPF, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma daga cikinsa ake yi wa marasa ƙarfi rajista, har da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Gurbin ba ya isar kowa, amma ka je asibitin matakin farko na mazaɓarku ka tambayi shugaban wurin, ka kuma sanar da mai unguwa, domin idan an zo ɗaukar sunaye ta hannunsu ake bi.

Ta biyu, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa, haka sauran jihohi kowace da tata. Suna da tsarin 'yan kasuwa da manoma da masu sana'ar hannu, ana biya shekara-shekara, kuma galibi su ne mafi araha.

Ta uku, shirin GIFSHIP na hukumar NHIA, na mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya, wanda 'yan fansho ma ke shiga.

Ta huɗu, kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu, waɗanda ake kira HMO. Asibitocinsu sun fi sauri, amma kuɗinsu ya fi yawa, kuma da yawansu suna ƙara farashi ko su sa iyakar shekaru. Mai ƙaramin ƙarfi ya bar wannan sai in yara sun ɗauki nauyi.

Gargaɗi ga ma'aikaci: tsarin ma'aikatan tarayya yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya ko mijinta, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, amma galibi yana yankewa da ritaya, daidai lokacin da jiki ya fara neman asibiti. Ka tambayi ofishinku tun saura shekara guda ka ajiye aiki, ka shirya inda za ka koma. 'Yan'uwa na zango a Ghana kuwa, wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara a tsarin ƙasar, abin da ya rage masa shi ne ya riƙa sabunta katin.

Wasu dattawa suna ɗari-ɗari da inshora ta fuskar addini. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma tsarin jihohi an gina shi ne a kan gudummawa: kowa ya zuba, a yi wa wanda ya kwanta magani. Akwai kuma kamfanonin takaful masu bin tsarin Musulunci. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai takardun wurin malamin da ya amince da shi, a duba masa abin da ke rubuce, kada a tsaya kan jita-jitar majalisa.

Mataki na 5: Je ofishin da tambayoyi a rubuce

Kada ka biya ranar farko. Ka zauna ka tambaya, kana rubuta amsa da sunan wanda ya amsa.

Akwai iyakar shekaru? Ciwon da nake da shi tun kafin rajista yana ciki? Kwana nawa zan jira bayan biya kafin katin ya fara aiki? Maganin da nake sha yana cikin jerin magungunanku? Kashi nawa zan biya daga aljihuna? A tsarin ma'aikata na NHIA kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin magani, amma kowane tsari da nasa. Idan asibiti ya ce maganin ya ƙare na saya a waje, wa zai biya? Kwana nawa na kwanciya kuke ɗauka a shekara? Aikin yanar ido da na mafitsara da na ƙaba fa? Wankin ƙoda sau nawa? Yaya ake samun takardar turawa zuwa babban asibiti? Wace lamba zan kira in aka wulaƙanta ni?

Tambayar ciwon da ya riga rajista ita ce uwa. Kada kuma ka ɓoye ciwonka a fom don a karɓe ka, ranar da kake buƙata za a juya maka baya da hujja.

Wajen zaɓen asibiti, kusa ya fi suna. Asibitin da sai ka hau mota biyu ka kwana a layi, wata uku za ka yi ka gaji. Kafin ka rubuta sunansa, ka je da kanka ranar aiki, ka tsaya a tagar magani ta masu inshora, ka tambayi mutum biyu ko uku da ke layi ko suna samun magani. Abin da za su faɗa maka ya fi duk takardar talla.

Mataki na 6: Yi lissafin ko ta biya

Ga misali, kuma lambobin na kwatance ne, ka sa naka. A ce naira 100,000 ke shigowa a wata, ka ware 15,000 ga lafiya. Magani 6,000 a wata, wato 72,000 a shekara. A ce inshorar jiha 30,000 ce a shekara, wato 2,500 a wata. Idan tana ba da maganinka da gaske, kai kuma kana biyan ɗan kaso, to ta biya kanta tun kafin ka kwanta ko sau ɗaya, sai rarar ta koma ajiya. Idan kuwa maganin ba ya cikin jerinsu, ko kullum an ce babu, to 6,000 na nan daram, inshora 2,500, gwaji da kuɗin mota 2,500, ajiya 4,000.

Ko da lissafin ya nuna ta biya, kada ka soke kuɗin magani a watanni ukun farko. Ka riƙe na wata guda a gida har ka ga yadda tagar asibitin take.

Wanda awo ya nuna ba shi da ciwo mai daɗewa, ya ɗauki mafi arahar inshora, ya ƙarfafa ajiya, ya riƙa awo duk shekara. Sayen babban tsari mai tsada da kuɗin abinci mai kyau asara ce.

Mataki na 7: Buɗe asusun gaggawa

Inshora ba ta biyan kuɗin mota da tsakar dare, ba ta biyan abincin mai jinya, kuma wani lokaci sai an ajiye wani abu kafin takarda ta fito. Ka fara da burin tara abin da ya kai kuɗin shigarka na wata ɗaya, a hankali. Rabi ya zama tsaba da za a iya ɗauka cikin dare. Sauran, saboda yadda naira ke zubewa, ana iya sa shi a tunkiya ko buhun hatsi da kaka. Wannan asusu ba na suna ba ne, ba na lefe ba, kuma ba a ba da rance daga cikinsa.

Kuɗin inshora na shekara yana da nauyi idan ya zo gaba ɗaya. Dabarar da na ga ta fi aiki ita ce adashi: ka roƙi uwar adashi ta sa kwasarka a watan da ke gaban watan sabuntawa. Manomi ya ware buhunsa tun a masussuka.

'Ya'ya kuma ina da magana da ku. Shaddar sallah da atamfa suna da daɗi, amma idan abu ɗaya za ku iya, ku raba: wannan ya ɗauki inshorar Baba da Inna, wancan ya ɗauki maganin wata. Ku biya kai tsaye a ofis ko a famasi. Tsoho mai kunya idan aka ba shi kuɗin a hannu, jika zai shigo da kukan kuɗin makaranta, ya miƙa masa.

Mataki na 8: Riƙe abin da ba ya cin kuɗi

Ɗauko cokalin shayin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kusan cikin wannan cokali, kuma har da wanda ke cikin dunƙule, da burodi, da yajin tsire, da taliyar yara. Ka zauna da mai girki ku yi magana cikin mutunci: a rage dunƙule da rabi, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa, a daina barbaɗa gishiri a kan abinci. A hankali ake ragewa, cikin 'yan makonni harshe zai saba. Idan aka ware wa tsoho tukunyarsa shi kaɗai, abin ba ya ɗorewa, gara a rage wa gidan duka.

Wake, zogale, rama, kuɓewa, kuka, gero da dawa da ba a cashe su fes ba, duk suna nan a kasuwar ƙauye da arahar da ta fi lemon kwalba. A rage tulin tuwo a ƙara miya da ganye. Sukari a shayi da koko da fura shi ne wurin da za a fara tsukewa. Taba kuwa a bar ta gaba ɗaya, kuɗinta ya koma asusu.

Tafiya minti 150 a mako ake so, wato rabin awa sau biyar. Bayan asuba ko bayan la'asar, da ɗan sauri yadda numfashi zai ɗaga amma kana iya magana. Mai ciwon gwiwa ya raba ta minti goma-goma. Hajiyar da ba ta fita za ta iya zagaya tsakar gida, ta kuma riƙa tashi da zama daga kujera sau goma, domin ƙarfin cinya ke hana faɗuwa. Karayar ƙugu a banɗaki tana iya kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi, alhali rigakafinta fitila ce, da ƙarfen riƙewa a bango, da goge gansakuka, da takalmin da ba ya santsi.

Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, kada ya yi yawo ba takalmi, kuma ya ga likita tun cikin Sha'aban don a daidaita masa magani kafin azumi.

Mataki na 9: Idan kuɗin bai kai ba

Wani watan lissafi ba zai haɗu ba. Ga yadda ake janyewa: a fara dakatar da zubin asusun gaggawa, sannan a ɗage gwajin da ba na gaggawa ba, sannan a nemi biyan inshora kashi-kashi idan tsarin ya yarda. Maganin kullum shi ne na ƙarshe da za a taɓa, kuma kafin a kai nan a nemi sashen jin ƙai na asibitin gwamnati, da kwamitin zakka na masallaci ko na jiha, da ƙungiyar 'yan fansho ko ta 'yan kasuwa. Rajista a ƙungiyance ma takan fi sauƙi. Idan an ji sanarwar aikin ido ko awo kyauta a rediyo, a je, amma a karɓi sakamakon a rubuce.

Mataki na 10: Yi amfani da katin, ka kuma sabunta shi

Da zarar kwanakin jira sun cika, ka je asibitin ko kana lafiya, a buɗe maka fayil, ka tabbatar sunanka ya fito a jerinsu. Gyaran suna ko lamba ya fi sauƙi kana tsaye da ƙafarka. Ka ajiye kowane rasit. Ka rubuta ranar ƙarewar katin a bangon littafi da manyan baƙi, ka sabunta da saura wata guda, domin idan ya mutu wasu tsare-tsaren sai an sake jira.

A shafin farko na littafin ka rubuta sunayen magungunanka da yadda kake sha, lambar katin, sunan asibitin, lambar direba ko mai A Daidaita Sahu da zai amsa waya da dare, da inda makullin asusu yake. A ƙasa ka rubuta alamomin da ba a jira da su, ka karanta wa mutanen gida: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, ƙirji ya riƙe da gumi, ko mai suga ya rikice yana karkarwa. Mai sugan, idan yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari nan take. Sauran kuwa a ɗauke su zuwa asibiti mafi kusa da ke da likita, da littafin da katin a hannu, maganar takardar turawa a yi ta bayan an isa.